A Zo da Ƙarfe Tara

Yayana mai walda ne, amma kada ka kuskura ka kira shi haka a gabansa. Injiniya yake amsawa, shi ya raɗa wa kansa, ya kuma rubuta da jan fenti a ƙofar shagonsa. Duk abin da aka yi da ƙarfe a duniyar nan, in ka tambaye shi, ko dai ya taɓa yin irinsa, ko kuma wanda ya yi bai iya ba. Ni ƙanwarsa ce, tela ce ni, shagona na kallon nasa, don haka cika-bakinsa a kunnena yake fara sauka kafin ya isa unguwa.

'Yata Auta 'yar tsere ce, mita dubu uku take gudu. Saura mako uku a yi gwajin da za a ɗauki mutum uku kacal zuwa sansanin horo, inda za su ci gaba da karatu suna gudu. Shekarunta sha tara, kuma daga bana ta wuce shekarun shiga. In ta rasa, sai dai ta dawo kusa da ni tana sa wa riguna maɓalli, aikin da ta tsana kamar ciwon haƙori.

A daidai wannan lokacin ta fara haki da wuri. Kocinsu ya ce a kai ta wurin likitar da ke duba 'yan wasa. Babanta direban babbar mota ne, yana kan hanya, ni kuma ɗinki ya sha mini kai, shi ne na tafka kuskuren cewa Yaya ya raka ta.

Likita ta auna jininta, ta ce sinadarin ƙarfe ya yi ƙasa a jikinta, sai an ƙara mata ƙarfe. Ta ba ta ƙwayoyi, ta rubuta mata tsarin abinci. Auta ta ce tun da kalmar nan ta fito daga bakin likita, kawunta ya gyara zama, bai sake jin komai ba.

Suna dawowa ya ture yadin mutane daga kan teburina, ya shimfiɗa takardar.

"Karanta mu ji."

Na karanta. "Ƙarfe bakwai, ƙwai biyu da burodi da lemo. Ƙarfe goma, ayaba da gyaɗa. Ƙarfe ɗaya, shinkafa da wake da hanta ko kifi, da ganye. Ƙarfe huɗu, madara. Ƙarfe bakwai, dankali da nama."

"Me kika fahimta?"

"Lokutan cin abinci ne, Yaya."

Ya yi dariya har da dafa bango. "Karatun tela ke nan. Likita ta ce a ƙara ƙarfe, ta zauna ta rubuta ƙarfe har sau biyar a takarda ɗaya, ke kuma agogo kike gani. Nufinta yarinya ta ɗaga ƙarfe bakwai, sannan ta ci ƙwai. Ta ɗaga goma, ta ci ayaba."

"To me ya sa daga goma aka dawo ɗaya?"

"Ɗayan nan ƙato ne. Ba ki ga abincinsa ya fi yawa ba?"

Auta ta ce, "Kawu, wallahi lokaci take nufi. Har agogon hannunta ta nuna mini."

"Agogon da me aka yi shi?"

Ta ce, "Da ƙarfe."

"To kin gani."

Kafin rana ta faɗi ya ƙara layi a ƙofar shagonsa: Masanin Abincin 'Yan Wasa. Ya je filin horo ya ce wa koci daga yau shi ne manajan Auta, duk wani saƙo a turo ta wayarsa. Ya dawo ya shiga tarkacen bayan shago yana jawo tsofaffin ƙarafan mota, yana yanka, yana haɗawa, tartsatsi na tashi. Maƙwabcinsa mai faci, wanda shekara ashirin suna musu ba wanda ya taɓa cin wani, ya jingina da taya yana kallo.

"Injiniya, gada za ka gina?"

"Zakara zan gina."

"Da walda?"

"Kai da iska kake ci, me ka sani game da abu mai nauyi?"

Washegari ya jera ƙarafa bakwai a bakin shago, ya ajiye dafaffen ƙwai biyu a kan benci, ya zauna kusa da su kamar mai gadi. Auta ba za ta iya ce wa kawunta a'a ba. Ta ɗaga na farko, ta ɗaga na biyu, na biyar ya ƙi barin ƙasa. Har rana ta take ƙwai na nan a kan benci, yarinya ba ta karya ba, idonta ya yi zuru-zuru. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ajiye almakashi na zagaya ta baya wurin matarsa.

Anti ta saurare ni tana tsince wake, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Shekara nawa kike da shi, har yanzu ba ki iya shi ba? Yayanki ba a ce masa ya yi kuskure. Roƙonsa ake ya nuna yadda ake yi. Ki bar shi ya ƙirga ƙarfensa, mu mu ƙirga agogo."

Haka aka yi. Takardar likita muka kwafa muka liƙa a bayan ƙofar kicin. Agogo na bugawa, Auta na ci, ta sha ƙwayarta da lemo kamar yadda aka ce, ta tafi horonta. In ta dawo sai ta tsaya a bakin shago ta langaɓe kai.

"Kawu, na manta yadda ake riƙe na ukun nan. Nuna mini."

Yaya kuwa in aka ce nuna mini, an gama da shi. Sai ya cire riga, ya tofa yawu a hannu, ya ɗaga na uku, ya ce bari ki ga na huɗu, har ya kai bakwai yana nishi kamar tsohon janareta. Daga nan sai ya kalli ƙwan.

"Doka ce, duk wanda ya ɗaga sai ya ci. In ba haka ba tsarin ya lalace."

Mako guda ana haka. Shi ke ɗaga bakwai ya ci ƙwai, ya ɗaga goma ya ci ayaba, ya rungumi ƙaton ɗayan nan da rana ya zauna wa shinkafa da hanta. Tumbinsa ya fara riga shi shiga ɗaki, bayansa kuma ya fara ƙara in zai tashi. Auta ta daina haki, leɓenta ya dawo da kalarsa. Yaya ya dube ta ya dubi mai faci.

"Ka ga aikin ƙarfe?"

"Na gani. Sai dai a jikinka ya fi fitowa."

Da ya tsaya nan da sauƙi. Amma ya ji Auta na cewa likita ta hana ta shan shayi tare da abinci, don yana hana jiki ɗaukar ƙarfen. Ya ce ai dole ta hana, tunda shayin mutane ruwa ne zalla. Shi zai haɗa wanda ya dace. Ya ɗora tukunya a bakin shago, ya zuba ganyen shayi fakiti guda, ya juye gwangwanin tsofaffin noti da ƙusoshi a ciki, ya yi ta juyawa da sandar walda har ruwan ya yi jajir. Ya aika aka kira mutanen layi su zo su ga kimiyya.

Suka zo. Mai kanti ya zo, mai aski ya baro mutum da rabin kai, matan da ke jiran ɗinki a shagona duk suka fito. Yaya ya cika kofi ya miƙa wa Auta. Na buɗe baki ke nan, mai faci ya riga ni.

"Injiniya, ai mai abu shi ke fara ɗanɗanawa. Ko kana tsoro?"

"Ni? Ƙarfe ne zai ba ni tsoro?"

Ya kafa kai ya shanye. Fuskarsa ta tattare wuri ɗaya, amma ya ce daɗi kamar zuma. Mai faci ya ce kofi ɗaya ai na yara ne. Ya sha na biyu. Mai aski ya ce zakara uku yake sha. Ya sha na uku, idonsa na hawaye. Sai ya ɗauko maganaɗisu daga aljihu, ya ce yanzu za su ga shaida, ya shafa a cikinsa. Abin ya yi ƙasa ya manne.

"Kun gani? Ya kama."

Anti ta ce daga bakin ƙofa, "Baban yara, kan bel ɗinka ya kama."

Ana cikin dariya cikinsa ya yi wata ƙara da har na can baya suka ji. Ya ajiye maganaɗisun a hankali, ya ce yana zuwa, ya shige gida da wani irin taku na mai ɗauke da ƙwai a aljihu. Kwana biyu shagonsa yana rufe. Duk wanda ya je gaishe shi sai ya ce masa ba ciwo ba ne, ƙarfe ne ke neman wurin zama. Sauran shayin Anti ta zubar a kwata, ta ce ko kyankyasai sun yi ƙaura.

Tun farko koci ya ce gwajin ranar Asabar ne da goma na safe, in an sami canji zai turo saƙo. Ranar Alhamis saƙo ya shigo wayar Yaya. Na gan shi ya karanta, ya sake karantawa, ya yi murmushin da ban so ba.

"Kawu, an canza lokaci ne?" in ji Auta.

"Lokaci na nan yadda yake. Wani sharaɗi suka ƙara, irin wanda sai masu ilimi. Ku bar mini."

Muka bar masa. Wannan laifina ne, kuma ba na ɗora wa kowa.

Ranar Asabar Auta ta ci burodi da ayaba da ɗan zuma da bakwai daidai, don likita ta ce a bar sa'a uku tsakanin ci da gudu, kuma kada a ci wani sabon abu ranar tsere. Takwas da kwata muka shiga tsohuwar a-kori-kurar Yaya, mu uku a gaba. Bayan motar an lulluɓe shi da tamfol, kuma na lura gindinta ya kusa taɓa ƙasa.

"Yaya, me ka ɗauko?"

"Sirrin nasara."

Motar na tafiya tana kuka. Keke ya wuce mu, wani tsoho mai tura baro ya gaishe mu ya wuce. Muna hawa ƙaramar gadar da ke kan babbar kwata, wadda mota ɗaya kawai ke wucewa, sai muka ji wani abu ya ɓalle a ƙasa. Motar ta durƙusa ta baya. Ƙofar bayan, wadda shi ya yi mata walda da hannunsa, ta buɗe, kaya suka fara sauka. Akwatin giya na babbar mota, rabin injin niƙa, gammon birki guda biyu, wani guntun ƙarfen rufi mai tsawon mutum, da wasu da ban san sunansu ba. Suka baje a kan gada, gaba ta toshe, baya ta toshe, masu motoci suka fara danna hon.

Na ƙirga su ba da niyya ba. Tara ne.

"Ba ni wayar nan."

"Ke tela, ba za ki gane..."

"Yaya, ba ni wayar."

Ya miƙo. Saƙon gajere ne: An sauya. A zo da ƙarfe tara.

Na duba saman wayar, tara saura minti ashirin da biyu. Na nuna wa Auta. Ta zauna a bakin gada ta cire silifas, ta ɗaura takalmin gudu.

"Nawa ne daga nan, Mama?"

"Ya fi kilomita biyu."

"Riƙe mini jaka."

Ta tsallake akwatin giya, ta ratsa tsakanin motoci, ta miƙe hanya. Yaya na ɗaga mata hannu yana cewa ta dawo, ba za su karɓe ta hannu rabbana ba. Wani direba ya sauko ya tambaye shi ko shi ne mai wannan bala'in. Ya ce shi ne manaja. Na mayar masa da wayarsa, na bar su suna wannan, na tattare zani na bi bayan 'yata. Masu babur na ɗaya gefen duk sun juya da suka ga cunkoso, sai da na yi tafiya mai nisa kafin na sami ɗaya.

Da na shiga filin har an fara. Su goma sha biyu ne a kan layi, Auta na ta bakwai, rigarta ta jiƙe tun kafin ta sauran. Na kama wayar shingen da ke kewaye da filin na riƙe. Tsoro nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba ko ranar da na haife ta. A zagaye na biyar ta wuce biyu. A na shida ta wuce ɗaya, ta zama ta huɗu, ta manne a bayan wata doguwa mai jan wando. Aka kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe, doguwar ta ƙara wuta, Auta ta ƙi sakinta. Ban san lokacin da na fara kiran sunanta ba, ni da ko a gida ba a jin muryata. A kwanar ƙarshe ta fito ta gefe, suka yi kafaɗa da kafaɗa, ta riga ta taka layi da abin da bai fi tsawon tafin hannu ba. Ta uku. Na zauna a ƙasa na yi kuka son raina.

Wajen sha ɗaya, ana tsaka da kiran sunayen waɗanda aka ɗauka, sai aka ji hayaniya a bakin ƙofa. Yaya ne, yana tura amalanken da ya aro, ƙarafa tara a kai, riga ta manne a jiki, mai gadi na biye da shi yana cewa ba a shiga da bola. Ya tura har gaban teburin alƙalai ya tsaya. Koci na riƙe da lasifika, kuma bai kashe ta ba.

"Malam, mene ne wannan?"

"Ƙarfe tara. Ƙirga."

"Wa ya ce a kawo?"

"Kai." Ya miƙa masa wayar.

Koci ya karanta da ƙarfi, kowa na ji. Sai wata mata a can sama ta fashe da dariya, daga nan ta kama kowa. Masu gudu suka zube a kan ciyawa suna riƙe ciki. Yaya ya waiga hagu, ya waiga dama, yana neman ƙarafan sauran mutane.

"Ina na waɗannan?"

"Babu wanda ya kawo, Malam. Lokaci ne."

"To in haka ne a ba ta na ɗaya. Mu kaɗai muka cika sharaɗi."

Likita na wurin, ta taso tana share hawayen dariya da gefen mayafi. Ta tambayi Auta me take ci, Auta ta zayyano mata tsarin tun daga ƙwai har dankali. Likita ta ce madalla, sannan ta juya ga Yaya.

"Kawu, ƙarfen da na ce yana cikin hanta da wake da ganye. Ido ba ya ganinsa."

"Ana walda shi?"

"A'a."

"Yana tsatsa?"

"Kawu..."

"To ki nemo masa wani suna. Kin sa mutane wahala."

Aka sake kwashewa. Koci kuwa bai yi dariya ba wannan karon. Ya kashe lasifikar, ya matso kusa da shi, ya yi magana a hankali, amma ina tsaye na ji.

"Na riga na ɗora biro a kan sunanta lokacin da ta shigo. Da ta ƙara minti biyu, da na soke."

Mutane suka watse. Yaya ya zauna a gefen amalanke, ya zura wa ƙasa ido. Tun daga kan gada nake tara maganganun da zan gaya masa, na jera su tsaf, wasu ma tun muna yara nake ajiye da su. Na zo gabansa na tsaya. Sai na ga tafin hannunsa, duk ya kumbura ya fashe, jini ya bushe a tsakanin yatsu. Kilomita biyu ya turo wannan shirgin cikin rana, da ciwon baya, don yana ganin in bai kawo ba za a kori 'yata. Haushinsa nake ji, tausayinsa nake ji, na rasa wanda zan fara da shi.

"Minti biyu ya ce?"

"Minti biyu, Yaya."

Ya ciro wayar ya miƙa wa Auta.

"Je ki ce wa koci ya goge lambata. Ya sa ta uwarki."

Mai gadi ya dawo ya ce a fitar da kayan nan kafin a rufe ƙofa. Yaya ya miƙe da ƙyar ya kama hannun amalanke ɗaya, na ajiye jaka a kan rabin injin niƙa na kama ɗayan. Auta ta dawo da gudu ta sa kafaɗa za ta taya mu.

"Ke, matsa," in ji shi. "Wani abu ya faɗo miki a ƙafa in ce me? Wuce gaba, ki riƙa gaya mana inda rami yake."

Ta wuce gaba da takardar sansani a hannunta, mu biyu muna turawa a baya.